Kwana Uku da Faifan da Ya Hana Ni Shiga

Tsohuwar kwamfutata ta hannu ta daina tashi ne wata safiya ba tare da ta nuna wata alama kafin nan ba, amma hankalina bai tashi sosai ba, domin aikina na shekara shida, wato hirarrakin da na naɗa da murya da rubutun da na fitar daga cikinsu, duk yana ajiye a wani faifai na waje mai girman gigabait 500 da ake jonawa ta kafar USB. Tun ranar da na fara amfani da faifan na tsara shi da ext4, wato tsarin ajiye fayiloli na manhajar Linux, saboda da ita nake aiki, don haka na ɗauka abin da ya rage bai wuce in jona shi a kwamfutar tebur da muke amfani da ita ni da abokin aikina ba, in kwashe kayana, in ci gaba daga inda na tsaya. Aikin da na yi wa lissafin sa'a biyu sai da ya ci mini kwana uku, kuma a cikin kwanakin nan na ci karo da saƙonnin kuskure iri shida. A ido duk magana ɗaya suke yi, wato an hana ni, alhali kowanne daga wuri daban ya fito, kuma ɗaya daga cikinsu ya fi sauran biyar ɗin muni nesa ba kusa ba.

Da na jona faifan ya bayyana a gefen allo kamar yadda ya saba, amma ina danna foldar hirarrakin sai aka ce mini ba ni da izinin ganin abin da ke ciki. Na buɗe tagar umarni na gwada shiga ta can, nan ma amsar ita ce "Permission denied". Sai na rubuta ls -l domin in ga yadda foldar take, kuma abin da na gani ya ɗaure mini kai na ɗan lokaci: a gurbin mamallaki, sunan asusun abokin aikina ne a rubuce, mutumin da bai taɓa ko riƙe faifan nan a hannunsa ba. A farkon layin kuma an rubuta drwx------, wanda ke nufin mamallaki kaɗai ke iya karantawa da rubutawa da shiga, kowa kuma ban da shi a rufe yake. Wannan ɓangaren ban yi mamakinsa ba, domin ni da kaina na kulle foldar haka, tunda mutanen da na yi hira da su sun yi magana ne bisa amanar cewa muryarsu ba za ta yaɗu ba.

Sirrin ya fito ne da na ƙara harafi ɗaya, na rubuta ls -ln, wanda ke nuna lambobi a maimakon sunaye. Faifan bai san sunan kowa ba. Abin da tsarin ext4 ke rubutawa a jikin kowane fayil lamba ce kawai, kuma lambar da ke kan fayilolina ita ce 1000. A yawancin rassan Linux, irin su Debian da Ubuntu, asusun farko da aka buɗe wa mutum shi ke samun 1000, na biyu ya samu 1001, a ci gaba a haka, yayin da lamba 0 ta babban mai iko ce, wanda ake kira root. A tsohuwar kwamfutata ni ne na farko, don haka ni ne 1000. A wannan kuwa abokin aikina ne ya girka manhajar ya fara buɗe asusunsa, ni na zo daga baya na zama 1001. Kwamfutar ta karanta 1000 a jikin faifan, ta duba rajistarta ta ga wanda ke da wannan lamba a wurinta, ta rubuta sunansa. Wannan tsari na mamallaki da rukuni da sauran jama'a ya samo asali ne daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs a 1969, a zamanin da mutane da yawa ke raba na'ura ɗaya kuma faifai bai cika yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba. Masu amfani da Windows ma suna gamuwa da irin wannan idan suka ɗauki faifai mai NTFS, wato tsarin fayilolin Windows, zuwa wata na'ura, sai dai a can doguwar lamba ce mai farawa da S-1-5-21 ke wakiltar mutum, kuma ƙin amincewar kan zo da lamba 5 ko 0x80070005.

Shawarar da aka fi yawan bayarwa a irin wannan hali ita ce a rubuta chmod -R 777, umarnin da ke sauya izinin folda da duk abin da ke cikinta, a huta. Lissafin mai sauƙi ne: karatu 4 ne, rubutu 2, shiga ko gudanarwa 1, jimillarsu 7, kuma bakwai sau uku na nufin an buɗe komai ga mamallaki da rukuni da duk wanda ya samu hanyar zuwa wurin. Ban yarda da wannan ba, kuma har yau ina ganin shawara ce mai cutarwa, domin matsalata ba ta ƙarancin izini ba ce, ta rashin dacewar lamba ce, kuma cire ƙyauren ɗaki gaba ɗaya saboda makulli bai shiga ba cin amanar waɗanda suka ba ni muryarsu ne. Abin da ya dace shi ne a mayar da mallakar zuwa lambata ta yanzu. Saboda haka na rubuta sudo chown -R, inda sudo ke ba ni ikon root na ɗan lokaci, chown kuma ke sauya mamallaki, na ba shi sunan asusuna da hanyar foldar, na danna.

Fahimtata game da matsalar daidai ce, amma na yi gaggawa, kuma wannan gaggawar ita ce babban kuskuren da na yi a cikin kwanakin nan uku.

Bayan 'yan daƙiƙu layi ɗaya ya fito yana cewa "Operation not permitted" a kan wani fayil guda. Wannan saƙo ya bambanta da na farko, ko da yake mutane kan ɗauke su abu ɗaya. A Linux kowane kuskure yana da lambarsa, kuma ana iya ganin jerin na farko-farkon a fayil ɗin errno-base.h: "Permission denied" lamba 13 ce, tana nufin izinin da ke rubuce a jikin fayil bai haɗa da kai ba, shi kuwa "Operation not permitted" lamba 1 ce, yana nufin aikin kansa ne aka haramta, wani lokaci ko da kai ne root. Da na duba fayil ɗin da umarnin lsattr na ga harafin i a jikinsa, sai na tuna cewa shekaru da suka wuce na sa masa wannan alama da chattr +i, wadda ke hana a goge fayil ko a sauya shi ko a canja mamallakinsa har sai an cire ta. Fayil ɗin shi ne babban jerin hirarrakina, inda nake rubuta ranar kowace hira da tsawonta da jimlar farko da aka faɗa a cikinta. Wannan bai dame ni ba. Ina cikin duba shi a wata tagar ne na lura cewa umarnin chown ya tsaya cak a ɗaya tagar, faifan kuma yana wani ƙaramin sauti mai maimaituwa, ƙas, shiru, ƙas, kamar allurarsa na komawa wuri ɗaya tana sake gwadawa. Can sai layi ya fito cewa an kasa karanta wata folda, a ƙarshensa kuma an rubuta "Input/output error". Nan take na danna Ctrl da C na tsayar da aikin.

Wannan ita ce lamba 5 a jerin Linux, kuma ba ta da alaƙa da izini ko kaɗan. Ma'anarta ita ce zuciyar manhajar ta aika wa na'ura buƙata, na'urar kuma ta kasa cikawa. Babu sudo ko chmod da zai yi maganinta. Wurin da ake samun cikakken bayani shi ne kundin da zuciyar manhajar ke rubuta abin da ke faruwa tsakaninta da na'urori, wanda ake karantawa da sudo dmesg, kuma da na buɗe shi na tarar da layuka ja suna maimaita "critical medium error" tare da lambar gurbin da ya ƙi karantuwa, a sama da su kuma "Unrecovered read error". Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da ke jikin layukan farko: sun fara bayyana ne 'yan mintuna bayan na jona faifan, tun kafin in rubuta chown. Da na buɗe kundin nan tun farko, da na san halin da nake ciki.

Duk da haka ban yanke wa faifan hukunci nan da nan ba, domin lalatacciyar waya ko ƙarancin wuta a kafar USB kan haifar da wannan lamba 5 ɗin, kuma an sha zubar da lafiyayyen faifai saboda laifin waya. Bambancin yana cikin kalmomin kundin: idan matsalar hanya ce, yawanci za a ga ana ta sake haɗa na'urar ko tana ɓacewa tana dawowa, idan kuwa aka ambaci jikin faifan kansa, to maganar ta wuce waya. Na sauya wayar, na mayar da ita wata kafa ta bayan kwamfutar, kuskuren ya sake fitowa a kan gurbi mai lamba ɗaya da ta ɗazu. Daga nan na tambayi faifan da kansa ta hanyar tsarin SMART, wanda faifai ke amfani da shi wajen lura da lafiyarsa, da umarnin smartctl -a, sai da na ƙara -d sat kafin tambayar ta ratsa akwatin USB ɗin ta isa gare shi. Layi mai lamba 199, mai ƙirga kurakuran da ke faruwa a kan hanya, sifili ne. Layi mai lamba 197, mai ƙirga guraben da faifan ya kasa karantawa yake jiran ya ga yadda zai yi da su, ya nuna 24. Bayan kamar rabin sa'a na sake dubawa, ya koma 40. A saman rahoton kuma an rubuta cewa faifan ya ci jarrabawar lafiya gaba ɗaya, abin da ya koya mini cewa wannan hukunci na dunƙule ba abin dogaro ba ne, lambobin da ke ƙasa su ne ke faɗin gaskiya.

A nan ne na gane nauyin abin da na aikata. A tsarin ext4 kowane fayil yana da ɗan katin bayani da ake kira inode, inda ake rubuta mamallakinsa da izininsa da wuraren da abin da ke cikinsa yake, kuma chown -R yana bin waɗannan katuna ɗaya bayan ɗaya yana sake rubuta su. Wato na sa faifan da ke fama da kansa ya yi ta kai da kawo yana rubutu a daidai wuraren da suka fi kowane wuri muhimmanci, domin in an rasa katin fayil, an rasa hanyar zuwa gare shi ko da abin da ke cikinsa lafiya lau yake. Ba zan iya cewa ni na lalata guraben ba, amma na tabbata ban taimaka musu ba, kuma da na ɗora faifan a matsayin karatu kawai, da na iya karanta komai da sudo ba tare da na rubuta ko harafi ɗaya a jikinsa ba.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in ceci fayil mafi daraja, wani bidiyon hira mai girman gigabait 6 da ba za a iya sake yin irinsa ba. Na jona wani filashi mai gigabait 32 wanda babu komai a cikinsa, kwafin ya yi nisa, sai ya tsaya da "File too large", lamba 27. Filashin yana kan tsarin FAT32 ne, wanda ya fito a 1996, kuma a wannan tsari fayil ɗaya ba ya wuce bait 4,294,967,295, wato gigabait 4 ba bait ɗaya, komai yawan filin da ya rage. Sake tsara filashin da exFAT zai warware wannan cikin minti ɗaya, amma na fasa, domin na ga cewa tsintar fayiloli ɗaya-ɗaya na nufin faifan zai yi ta tsalle daga wannan wuri zuwa wancan, kuma duk sa'ar da ya yi yana juyawa tana iya zama cikin na ƙarshe. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki kwafin ɓangaren faifan da ke ɗauke da fayilolin ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, zuwa fayil guda a kan lafiyayyen faifai, sannan a yi duk wani gyara a kan kwafin.

Kafin haka dole ne a sauke faifan daga tsarin fayiloli, amma umount, umarnin da ke yin wannan aiki, ya amsa da "target is busy", lamba 16, wato akwai mai riƙe da shi. Umarnin fuser -vm ya nuna su biyu ne. Na farko tagar umarnina ce da na bari a tsaye a cikin wata foldar faifan, an sa mata harafin c. Na biyu, mai harafin f, ita ce manhajar da ke bin fayiloli a ɓoye tana tattara jerinsu domin sauƙaƙa bincike, kuma na fahimci cewa ita ce ta fara taɓo guraben da suka lalace tun da na jona faifan. Na fita daga foldar, na tsayar da manhajar, na kuma kashe tsarin da ke ɗora faifai da kansa da zarar an jona shi, sannan umount ya wuce lafiya. Akwai umount -l da ke ɓoye faifan daga gani ya bar masu riƙe da shi su ci gaba da aikinsu, amma ni so nake a daina taɓa shi gaba ɗaya.

Sai maganar inda za a ajiye kwafin. Kwamfutar tana da faifai na biyu a ciki mai terabait 2, a kan tsarin NTFS, wanda muke ajiye kaya a kai domin a same su daga Linux da kuma Windows, tunda abokin aikina da Windows yake yawancin aikinsa. Na yi ƙoƙarin buɗe sabuwar folda a can, aka ce "Read-only file system", lamba 30. A wannan karon ban yi gaggawa ba. Na sauke ɓangaren na sake ɗora shi da hannu ta ntfs-3g domin in ga abin da zai ce, sai ya rubuta "Metadata kept in Windows cache, refused to mount", ya kuma bayyana cewa zai koma karatu kawai. Na juya na tambayi abokin aikina, "Malam, jiya yaya ka kashe kwamfutar nan?" Ya ce kamar kullum, ya danna wurin kashewa har fitilarta ta mutu. Gaskiya ya faɗa, sai dai tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai tsarin tashi da sauri mai suna Fast Startup, wanda idan yana kunne kashewa ba ta zama cikakkiya: ana fitar da mai amfani, amma zuciyar manhajar ana adana halin da take ciki a fayil ɗin hiberfil.sys, domin gobe ta farka daga inda ta kwanta. Idan ta farka tana ɗauka faifan yana yadda ta bar shi, saboda haka duk abin da Linux ya rubuta a tsakani yana iya rikicewa ko ya ɓace. Ƙin rubutun da na gani kariya ce, kuma na gode da ita, domin kwafin da nake shirin ɗauka shi ne zai zama kaɗai abin da na mallaka. Akwai hanyoyin tilastawa, kamar goge alamar da Windows ta bari a kan faifan da manhajar ntfsfix, amma wannan manhaja da kanta ta bayyana cewa ita ba madadin chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, ba ce. Abin da muka yi mai sauƙi ne: muka tashi Windows, ya riƙe madannin Shift yayin da yake danna kashewa, wanda ke sa ta mutu gaba ɗaya, daga baya kuma da yardarsa muka kashe tsarin daga saitin wuta. Da muka dawo Linux faifan ya karɓi rubutu.

Manhajar da na yi amfani da ita wajen kwafin ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Ita ba ta bin fayiloli, kai tsaye take karanta na'urar, kuma a Linux na'ura ma fayil ce da ke zaune a cikin /dev da nata mamallaki da izini. Da na duba /dev/sdb1, wato fayil ɗin da ke wakiltar faifan nawa, na ga brw-rw---- tare da root da rukunin disk, don haka gwajin farko ba tare da sudo ba ya dawo mini da lamba 13. Wasu kan saka asusunsu a rukunin disk domin su huta da wannan, suna kwatanta shi da shiga rukunin dialout da ake yi idan ana son magana da ƙananan na'urori ta /dev/ttyUSB0. Kwatancen bai yi ba. Wanda ke cikin rukunin disk yana iya karanta ko goge kowane gurbi na kowane faifai a kwamfutar, ya tsallake duk izinin da ke kan fayiloli, kuma duk manhajar da ya buɗe ta gaji wannan iko. A nan sudo na lokaci ɗaya shi ne daidai. Kafin in danna, sau uku ina duba lsblk, umarnin da ke jera faifayen da ke jone, ina tabbatar da wane ne sdb, domin waɗannan haruffa kan sauya idan an cire na'ura an mayar, kuma wanda ya juya tushe da mazubi zai shafe abin da ya zo ceto da hannunsa.

Hikimar ddrescue ita ce ba ta tsayawa gardama da wurin da ya ƙi. Tana fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, tana tsallake wuraren da ke da matsala, tana rubuta taswirar inda ta samu da inda ta rasa a wani ƙaramin fayil, ta yadda ko wuta ta ɗauke za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Zagayen farko na yi shi da -n, wanda ke hana ta tsayawa kankare wuraren da suka lalace, ya kwana yana tafiya, da safe na tarar an samu fiye da kashi 99 cikin 100. Sai a zagaye na biyu na sa -d da -r3, wato ta karanta kai tsaye ta kuma sake gwada kowane gurbi mai taurin kai sau uku. Wannan zagayen, duk da ƙanƙantar abin da ya rage, ya ci kusan yini guda, sautin nan na ƙas, shiru, ƙas yana ta dawowa, ni kuma ina zaune ina kallon adadin da ya rage yana raguwa kaɗan-kaɗan. Ya tsaya a kan bait 94,208, wato tubali 23 masu bait 4096 kowanne. Na cire faifan na ajiye shi, ban sake jona shi ba.

Kwafin ma ban taɓa shi ba sai da na sake kwafe shi, tunda akwai fili, sannan na gudanar da e2fsck -f, manhajar da ke duba tsarin ext4 ta gyara shi, a kan na biyun. Domin in san abin da tubalan nan 23 suka ɗauka, na raba wuraren da taswirar ta nuna da 4096 na samu lambar kowane tubali, na shiga debugfs, manhajar leƙa cikin tsarin ext4, inda umarnin icheck ke faɗin katin da ke da tubalin, ncheck kuma ya faɗi sunan fayil ɗin da ke da katin. Goma sha biyu sun faɗa a filin da babu komai. Goma suna jere a cikin hira ɗaya ta murya. Ɗayan da ya rage shi ne wanda ya tsayar da chown: tubalin da ke ɗauke da jerin sunayen fayilolin wata folda. Bidiyon nan mai gigabait 6 bai samu ko ƙwarzane ba.

Hirar da ta rasa tubali goma fayil ɗin WAV ne mai ɗaukar samfur 44,100 a daƙiƙa, a ɓangare biyu, hagu da dama, kowane samfur bait 2, wato bait 176,400 a kowace daƙiƙa, don haka bait 40,960 da suka ɓace ba su kai rubu'in daƙiƙa ba. Wurin da ddrescue ta kasa karantawa sifili ne ke zama a cikinsa, sifili kuma a irin wannan fayil shiru ne. Na sa abin sauraro a kunne na nemo wurin: mai maganar tana tsakiyar wata kalma sai muryar ta yanke kamar ƙiftawar ido ta dawo, kuma daga abin da ke gaba da baya ana gane kalmar sarai.

Fayilolin foldar da jerin sunayenta ya ɓace kuwa, e2fsck ya tarar da katunansu lafiya amma babu sunan da ke nuni zuwa gare su, sai ya zuba su a lost+found, foldar da ake ajiye fayilolin da aka tsinta, kowanne da lambar katinsa a matsayin suna. Da na je shiga wannan folda aka sake ce mini "Permission denied", domin ta root ce kuma shi kaɗai ke shiga. Na ɗora kwafin a matsayin karatu kawai, na kwashe komai zuwa foldata da umarnin kwafi na sudo rsync -a tare da --chown, ta yadda mallakar ta koma 1001 a kan sabbin fayilolin da ke lafiyayyen faifai, izinin foldar hirarrakin kuma ya zauna a 700, wato mamallaki kaɗai, yadda yake tun asali. Fayiloli 31 ne suka fito daga lost+found ba suna. Na buɗe jerin nan mai alamar i, wanda ya ƙi sauyuwa a ranar farko, na riƙa buɗe hirarrakin ɗaya bayan ɗaya ina sauraron jimlar farko, ina gwada tsawon kowace da abin da na rubuta shekarun baya, ina mayar mata da sunanta. Biyu daga cikinsu tsawonsu ya zo ɗaya har zuwa daƙiƙa, kuma duka biyun da gaisuwa iri ɗaya suka fara, sai da na saurari kusan minti huɗu na kowace kafin in ji inda ɗaya ta ambaci ranar da muke zaune, na rubuta mata sunanta, ɗayar kuma ta ɗauki wanda ya rage.